Sharhi: Hunturu da Yaran Ƙasar Zagga

 Sharhin yau ya nufi Zagga da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Bagudo a jihar Kebbi, can bakin iyakar Najeriya da Jamhuriyar Benin, inda hunturu kan sauka da kayansa.

Duk wanda ya yi sammako a wannan yanki tsakanin Disamba da Janairu ya san yadda gari ke wayewa. Hazo ya rufe sama, rana ta fito fara fat babu ƙarfi, yara sun kewaye wutar kara a ƙofar gida, kowa ya cusa hannuwa cikin riga. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, jiki ya yi furu-furu. Iskar da ke wannan aiki daga arewa maso gabas take tasowa, ta ratso Sahara, tun daga ƙarshen Nuwamba har cikin Maris. Yawancin ƙurar da take ɗaukowa kuwa daga kwarin Bodele ne a arewacin Chadi, gindin wani tsohon tafki da ya ƙafe tun zamanin da.

Daidai wannan lokaci ne makarantun boko ke ba da hutun zangon farko. An gama kaka, an kai hatsi rumbu, aikin gonar tudu ya ƙare. Yaron da ya yi damina yana noma, yana kora dabbobi, yana kai abinci gona, sai ya wayi gari ba shi da abin yi. Wasu iyayen, don tsoron mura da tari, sukan kulle yara a ɗaki yini guda. Wasu kuma sukan sake su sakaka, su ƙare a gidan kallo ko su dunƙule su biyar a kan wayar yayansu. Duka biyun zama ne wuri ɗaya, kuma jikin yaro bai son zama. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar kimanin minti 60 a kowace rana na motsin da zai sa numfashinsa ya ɗaga, zuciyarsa ta buga da sauri. Sanyi bai soke wannan bukata ba.

Dabarar tana wajen zaɓen lokaci. Sanyin hunturu na asuba ne da na dare. Daga hantsi zuwa bayan la'asar gari kan sake, kuma babu wani lokaci a shekara da yaro zai yi gudu a fili cikin sauƙi kamar wannan, domin da zarar bazara ta shigo a Maris da Afrilu, zafin Kebbi ba ya barin kowa ya yi tsalle da rana. Ranar da ƙura ta yi kauri har aka daina hango bishiyar bakin gari, sai a bar yara cikin gida, musamman masu asma. Sauran ranakun na fita ne, bayan an shafa musu man kaɗanya ko basilin, an sa musu rigar sanyi da takalmi, an ba su kunu mai zafi.

Abin da za su yi a filin ba sai an saya ba. Langa kaɗai ta isa misali. Yaro ya kama ƙafa ɗaya ta baya da hannu, ya tsaya kan ɗayar, a raba ƙungiya biyu, a fitar da wanda ake kira ruwa, 'yan ɓangarensa su kare shi har ya kai wurin sha, abokan hamayya kuma suna ƙoƙarin ture shi. Minti goma na langa sun isa su sa yaro ya tuɓe rigar sanyi da kansa. Wasan yana ƙarfafa cinya da gwiwa, yana koyar da daidaita jiki da aiki tare, kuma yau yana cikin wasannin gargajiya da ake fafatawa a bikin wasanni na ƙasa tare da kokawa da dambe. Ita kokawa dama bayan kaka ne lokacinta a ƙasar Hausa da ƙasar Zabarma. Maƙwabtan Kebbi na Jamhuriyar Nijar sun ɗaga darajarta tun 1975, lokacin da suka fara gasar ƙasa wadda zakaranta ke karɓar takobi, kuma galibi cikin sanyin nan ake yin ta. Yaran bakin iyaka suna jin sunayen 'yan kokawar a rediyo. Abin da ya rage shi ne a zuba musu yashi mai laushi, a haɗa kowa da sa'ansa, a sa babba ɗaya ya tsaya alƙalanci.

'Yan mata su ne aka fi mantawa. Sau da yawa akan ɗauka daka da wanke-wanke da talla sun wadatar da su. Aiki daban, wasa daban. Gaɗa tana da tsalle da tafi da waƙa, 'yar gala-gala tana da ɗingishi kan ƙafa ɗaya, tsallen igiya yana sa gumi, carafke kuma tana kaifafa ido da hannu. Tun da dandalin dare ya yi sanyi a wannan lokaci, uwa na iya share tsakar gida bayan la'asar ta tara 'yan matan maƙwabta, a yi a watse kafin magariba.

Sai batun fita da iyali. Magidanci a Zagga ba ya bukatar wurin shaƙatawa irin na birni, domin fadama na kusa. Hunturu ne farkon noman rani, kuma shinkafar Kebbi ta yi sunan da a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Bankin Najeriya a Nuwamban 2015. Uba ya ɗauki 'ya'yansa, maza da mata, su taka da ƙafa zuwa fadama da hantsi. Su ga yadda ake yafa iri, yadda ake dashe, yadda injin ban-ruwa ke jawo ruwa zuwa fangali. A hanya ga magarya da kanya sun nuna, ga rake a bakin kasuwa. Tafiyar kanta motsa jiki ce, abin da aka gani kuma ilimi ne. Sharaɗi ɗaya ne: ranar feshin magani ba ranar zuwa da yaro ba ce, kuma ziyara ce aka je, ba ƙwadago ba.

Ziyarar dangi ma fita ce mai riba. Ƙasar Bagudo mahaɗar al'ummu ce. Daga Ka'oje zuwa Illo, daga Lolo zuwa Tsamiya, kunne kan ji Hausa da Fulatanci da Dandanci da Busanci, kuma gidaje da yawa suna da 'yan uwa a Segbana ko Malanbil cikin Benin. Yaron da aka kai wurin kakarsa ko kawunsa ya kwana biyu zai dawo da sabon wasa da sabbin kalmomi. Sai dai wajibi ne a tambayi lafiyar hanya kafin a tashi, a yi tafiyar rana, a bi ta mashigar da hukuma ta sani.

Wanda Allah ya hore wa kuɗin mota, akwai tafiya mai nisa da ta cancanci a yi ko sau ɗaya. A Argungu akwai gidan tarihi na Kanta, wanda aka sa wa sunan Muhammadu Kanta da ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16. Ginin tsohuwar fadar sarki ce, an mai da shi gidan tarihi a 1958, kuma yara za su ga makamai da tambura da kayan su na kakanni. Nan ne kuma ake bikin kamun kifi a Matan Fada, wanda ya samo asali a 1934, hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016. A Gwandu kuma akwai hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Yaron Zagga ɗan masarautar Gwandu ne, ya kamata ya taɓa ganin garin da idonsa.

Kogin Kwara, wanda ya ratsa ƙasar Bagudo, shi ne inda ake bukatar taka-tsantsan. Mutum zai zaci ruwa ya ja baya tunda damina ta wuce. Ba haka ba ne. Ruwan saman da ya sauka a tsaunukan Gini yakan daɗe yana malala a fadamun Mali, sai cikin hunturu yake isowa wannan yanki, ga yawa ga sanyi. Don haka kallon masunta daga bakin gaɓa ya wadatar. Idan ta kama a tsallaka, a nemi rigar ruwa, a guji jirgin da aka yi wa lodi fiye da ƙima, kuma kada a shiga da dare. Jihar Kebbi ba ta manta da haɗarin jirgin da ya auku kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski cikin Mayun 2021 ba, wanda ya ci rayuka masu yawa. Wanka a kududdufi da ruwan kwance kuwa hanyar kamuwa da tsargiya ce.

Ɗakin da ake ganin ya fi aminci shi ma yana da nasa haɗarin. Kaskon garwashi a ɗaki rufe yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana iya kashe mai barci. Cunkoso a ɗaki maras taga kuma yana taimaka wa sanƙarau, cutar da ke tashi a arewacin Najeriya lokacin ƙura da rani, wadda a 1996 ta kashe fiye da mutum 11,000 a ƙasar nan. Riga-kafi na nan a asibitoci, kuma zazzaɓi da sanƙarewar wuya ba abin jira ba ne har gobe. Yaro mai amosanin jini, wato sikila, sanyi da ƙishirwa kan tayar masa da ciwo, saboda haka nasa wasan ya zama mai sauƙi, da suturar kirki, da ruwan sha a kusa. Almajirin da ke zuwa ƙofar gida da safe shi ma yaro ne, tsohuwar rigar sanyi da gurbi a cikin 'yan langa ba za su gagari maƙwabta ba.

Bayan isha, lokacin ɗaki ya yi. Nan ne dara da kacici-kacici da tatsuniyar kaka ke da wuri, a kashe wuta sarai kafin a kwanta.

Akwai aikin da ya wuce ƙarfin gida ɗaya. Filayen makarantun firamare suna nan babu kowa a cikinsu duk tsawon hutu. Hakimai da masu unguwanni a Zagga da kewaye za su iya zama da shugabannin makarantu da kwamitocin iyaye, a ware yammaci biyu a mako, a samu matasa masu hankali su kula da yara, a shirya gasar langa da gudu da ƙwallo tsakanin unguwanni, da ta 'yan mata a gefe guda. Kuɗin da za a kashe bai wuce na ƙwallo da igiya da randar ruwan sha ba. Sashen ilimi da na lafiya na ƙaramar hukumar Bagudo kuma za su iya amfani da irin wannan taro su duba katin riga-kafin yara, su yi wa iyaye bayanin sanƙarau kafin zafin Maris ya iso.