Ra'ayinmu: Takardar Shaidar Malami Ba Ita Ce Hujjar Magani Ba

Jama'a, akwai wata hanyar jinya da ta samo asali daga ƙasar Faransa, wadda ake kira maganin sauraro. Yadda ake yin ta shi ne, a sanya wa yaro na'urar sauraro a kunne, a kunna masa kiɗan da aka tace, aka rage wasu sautuka aka ƙarfafa wasu, da nufin wai kunne da ƙwaƙwalwa su koyi sabon ji. Galibin waɗanda ake kaiwa kuwa yara ne masu wahalar karatu, ko masu larurar otizim, wadda ke hana yaro sakewa wajen magana da cuɗanya da mutane.

Duk mai tallar wannan hanya, abin da yake fara jerawa shi ne digirorin malamanta. Ba kuwa ƙarya yake yi ba. Alfred Tomatis, wanda ya rayu daga 1920 zuwa 2001, likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne, ɗan mawaƙi, kuma kiɗan Mozart ya fi amfani da shi. Guy Bérard shi ma likitan kunne ne a garin Annecy, shi ya tsara zama 20 na minti 30 cikin kwana 10. A Amurka akwai Sheila Frick, ƙwararriya a fannin koya wa majiyyata ayyukan yau da kullum, da Stephen Porges, masanin halayyar ɗan Adam. Masu koyar da hanyoyin nan a yau kuwa, cikinsu akwai masu gyaran magana, da masu awon ji, da masu ba da shawara.

To, mu ba mu raina ilimin kowa ba. Hasali ma, asalin sana'ar malami na da amfani ƙwarai, domin mai awon ji zai fara tabbatar da ko yaron kurumta ce ke damunsa, kuma ya san ƙarar da ke iya lalata kunne. Wanda kuwa ya yi kwas na 'yan kwanaki kawai, ina zai san wannan?

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Digiri yana shaida cewa mutum ya yi karatu, ba ya shaida cewa abin da ya ƙago yana warkarwa. A 1998 Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta bayyana cewa babu isasshiyar hujja a kan hanyar Bérard. A 2004 ƙungiyar masu aikin magana da ji ta ƙasar, wato ASHA, ta ce hanyar ba ta cika sharuɗɗan kimiyya ba. A 2011 kuma bitar da ƙungiyar Cochrane ta yi ba ta sami hujjar amfanin irin waɗannan hanyoyi ga masu otizim ba. Ashe ke nan abokan sana'ar malaman ne da kansu suka ce a dakata.

Me ya shafe mu, mu ɗalibai? Da yawa daga cikinmu gobe su ne likitoci da malaman makaranta. Wata rana uba zai zo da tallar da ya gani a intanet, yana shirin sayar da gonarsa domin ɗansa, ya ce, “Likita, me ka gani?” Idan jerin digirori ya rufe mana ido, to, mun ci amanarsa, kuma lokacin da ya kamata yaron ya yi wajen awon ji da koyon magana ya tafi a banza.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa da su saba da tambayoyi uku. Me malamin ya karanta? Wace hukuma ce ke sa masa ido? Wane bincike ne, wanda ba na mai sayarwa ba, ya nuna abin yana aiki? Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, sun kuma ce ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Allah Ya sa mu dace, amin.