Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Ƙananan Hukumomin Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi: A Ba Masu Kayan Kiɗa Wurin Sauke Kaya

Masu girma shugabanni,

Ina roƙon Allah ya dafa muku a kan nauyin da kuka ɗauka, ya kawo mana ƙarshen masifar 'yan bindiga da ta hana yankinmu sakat.

Na san duk wanda ke kan kujerarku a yau da zancen tsaro yake kwana, da shi yake tashi, don haka maganar da na kawo za ta iya yin kama da ƙarama. Ina roƙo a saurare ta har ƙarshe, domin ƙarshenta ma kan tsaron take faɗawa. Magana ce ta mutanen da ke ɗaukar kayan kiɗa da kayan sauti zuwa wuraren biki da taro: makaɗan gargajiya, mawaƙan fiyano, masu bayar da hayar lasifika da janareta, da samarin da ke yi musu dako. A garuruwan nan uku, mutanen nan ba su da inda za su tsayar da mota su sauke kaya cikin natsuwa, ba su da inda za su loda idan an tashi. Lokacin da suke ɓatawa a kan wannan shi ke jefa su kan hanya bayan rana ta faɗi.

Wanda bai taɓa tsayawa kusa da motar masu sauti ba zai ɗauka ɗan abu ne ake saukewa. Ranku ya daɗe, a bayan a-kori-kura guda akwai manyan lasifiku da kowace sai ƙarti biyu sun kama, akwai na'urar ƙara sauti da ta haɗa murya, akwai fiyano a cikin jakarsa, ga tulin wayoyi, ga janareta da mutum huɗu ke ɗauka suna nishi, ga galan na mai. Motar ta iso unguwa, sai a tarar lungun gidan biki ba ya ɗaukar mota, ko kuwa yana ɗauka amma tuni an kafa rumfa an jera kujeru, babura sun cike bakin hanya. Dole direba ya tsaya can bakin titi. Bai gama kashe mota ba mai shago ya fito: "Malam, ka tare min ƙofa." Ya matsa gaba, wani ya buga masa gilashi: "Direba, ɗaga nan, ba a tsayawa." Wani lokaci kuma sai wanda zai miƙo hannu a ba shi na goro ba tare da rasit ba. Daga nan sai a nemo baro. A ɗora lasifika a kai, yaro ɗaya yana turawa, ɗaya yana tallabe, a tsallake kwata ta kan katako, a ratsa mata da yara, a dire, a komo. Mutum guda kuma an ɗaure shi a jikin mota yana gadi, don ko makirufo ɗaya ya yi ƙafa, ribar ranar ta tafi.

A wannan jigilar kayan ke mutuwa. Girgizar baro a kan tsakuwa tana sassauta abin da aka liƙe a cikin na'ura. Hannun baro ko kan babur ya taɓa fuskar lasifika, takardarta ta yage, murya ta koma gwarangwaram. Da damina kuwa, hadari kan taso kaya rabi na mota rabi na fili. Gyara ba a nan kusa yake ba. Sau da yawa sai an dangana da Gusau, wani abin ma sai an aika Kasuwar Sabon Gari a Kano. Makaɗin gargajiya ma bai tsira ba. Kalangu fata ce da tsarkiya, kotso fata ce da nake. Idan suka daɗe a rana a bayan mota ana neman wurin tsayawa, fata ta ɗaure har ta kai ga tsagewa, idan laima ta taɓa su kuma murya ta kwanta. Makaɗi ya san ganga kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta, kuma ya san ranar da aka wulaƙanta ta tun daga bugun farko.

Duk wannan da sauƙi a kan lokacin tashi. Taro ya watse, kowa yana son fita a lokaci guda. Motar kaya, wadda ita ce ta fara zuwa, ta zama ita ce ta ƙarshen fita, domin motocin 'yan biki sun rufe ta gaba da baya. Sai an bi gida gida ana cigiyar mai jar mota, ana cewa ya shiga cin abinci. Kafin a naɗe wayoyi, janareta ya huce, a sake jigila da baro, an kira magariba. To a nan fa, masu girma, maganar ta tashi daga ta ciniki ta koma ta rai. Kun fi ni sanin halin da hanyar Ƙaura zuwa Zurmi take ciki, da wadda ta bi ta Moriki ta nufi Shinkafi. Direban da ya san ciwon kansa ba ya son la'asar sakaliya ta same shi a kansu. Mai kaya yana da zaɓi biyu: ya kwana a garin, ya biya direba kuɗin kwana, ya ciyar da yaransa, abin da aka samu na liƙi ya ƙare a nan; ko kuwa ya ce a tafi, Allah ya tsare. Talauci kan sa a zaɓi na biyun. Sa'a guda da aka ɓata wajen neman hanyar fita ita ce bambancin isa gida da rana da shiga daji da duhu.

Abin ya fi ciwo idan aka tuna ƙasar da muke. Ibrahim Narambaɗa, wanda masana Hausa ke karantar da waƙoƙinsa a jami'o'i, ɗan Tubali ne a gefen Shinkafi, ya yi zamaninsa a fadar Sarkin Gobir na Isa Amadu. Kassu Zurmi, da kalangunsa da waƙoƙinsa na 'yan tauri, ya kai sunan Zurmi inda ƙafarsa ba ta je ba. Musa Ɗankwairo, wanda ya rasu a 1991, da Sa'idu Faru, da Salihu Jankiɗi ɗan Rawayya, duk 'ya'yan ƙasar Zamfara ne. A zamaninsu kayan aikin makaɗi a kafaɗa suke rataye, amma duk da haka al'ada ba ta bar shi a titi ba. Idan ya iso gari akwai wanda zai tarbe shi, a ba shi masauki, a ɗaure dokinsa, a nuna masa inda zai tsaya da 'yan amshinsa. Yau kayan sun ninka nauyi, tarbar kuma ta ɓace. Ƙaura Namoda kuwa, ai gari ne da lodi ya raya. Tun da layin dogo daga Zariya ya iso a 1929, nan ne ƙarshen hanyar jirgi, nan aka riƙa tara gyaɗa da auduga ana lodawa zuwa kudu. Garin da ya san darajar wurin lodi tun zamanin kakanninmu bai kamata a ce mai lasifika yana rasa inda zai jingina mota na rabin sa'a a cikinsa ba.

Na san akwai waɗanda za su ce mene ne na wahalar da hukuma a kan masu kiɗa. Jiharmu ce ta fara shelar shari'a a watan Oktoba na 1999, kuma mutanenmu suna da ra'ayoyi mabambanta a kan kiɗa. Ban zo neman fatawa ba, wannan fagen malamai ne. Abin da nake so a duba shi ne, lasifikar da ta yi biki ranar Asabar ita ake haya don tafsirin azumi, ita ke zuwa mauludi da saukar karatu da walima, ita ake ɗorawa a mota a yi shelar rigakafi, da ita ake taron siyasa. Mutum ɗaya ne mai ita, yara ɗaya ne ke ɗaukarta, wahalar kuma iri ɗaya ce ko a ƙofar makarantar allo ko a gidan amarya. Samarin nan masu dako sun zaɓi su ci guminsu a lokacin da daji ke kiran sa'anninsu da alkawarin kuɗin banza. Duk abin da zai sauƙaƙa musu wannan sana'a riba ce ga zaman lafiyarmu.

Sai batun shingen bincike. Jami'an tsaro da Askarawan Zamfara suna da gaskiya idan suka tsayar da mota mai manyan akwatuna, kuma babu mai hankalin da zai ce kada a duba. Tun matakan watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya aka rufe kasuwannin mako aka hana sayar da mai a jarka, galan ɗin mai a mota ya zama abin zargi. Amma janareta ba ya tashi da ruwa, wutar lantarki kuma ba abar dogaro ba ce a wurin taro. Mai kaya ba shi da wata takarda da zai nuna ta gamsar, sai rantsuwa da roƙo, wani lokaci a ce ya sauke komai a gani, ya sake lodawa, ya je shinge na gaba a maimaita. Ga tsadar mai tun cire tallafi a watan Mayu na 2023, wadda ta sa kuɗin mota kaɗai ke cinye kaso mai tsoka na abin da aka yi ciniki. Da ƙaramar hukuma za ta yi wa masu wannan sana'a rajista, ta ba kowa kati mai hotonsa da jerin kayansa da sa hannun hakimi, da jami'in da ke shinge ya samu abin dogara, mai kaya ya samu hanya, wanda kuma ke fakewa da sunan sana'ar ya tonu.

Dalilin da ya sa na rubuto muku, ban rubuta wa Gusau ba, shi ne wannan aiki naku ne. Jadawali na Huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da tashoshin mota da kasuwanni da titunan cikin gari, har da lasisin baro da kura. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024 a kan kuɗin ƙananan hukumomi ya ƙara sa idon talaka ya dawo kanku. Abin farin ciki, wannan buƙata ba ta neman kwangila. A filayen da aka saba taro, wato filayen makarantu da dandali da ɗakunan taro na hukuma, a ware gefe guda kusa da ƙofa, a shafa fenti ko a kafa turaku biyu, a ce nan na motar kaya ne, kada kowa ya ajiye abin hawa. Masu gina ɗakunan biki na haya, a sa wannan cikin sharuɗɗan izininsu, domin akwai wanda zai ƙawata zaure da fitilu ya manta da ƙofar shigar da kaya.

Mafi yawan bukukuwanmu dai a ƙofar gida ake yi, kuma a nan masu unguwanni ne maganin abin. Mai unguwar da aka je wa da goron neman izinin tare lungu, ya ƙara sharaɗi ɗaya: a bar motar kaya ta shiga ta sauke kafin a kafa rumfa, a kuma bar mata hanyar fita. Idan akwai kuɗin da hukuma ke karɓa, a faɗi adadinsa a fili, a ba da rasit guda, a daina karɓa a kowace kwana. Inda aka ƙayyade lokacin tashi daga taro, a lissafa da lokacin lodi a ciki, musamman ga waɗanda suka zo daga wani gari, yadda za su kama hanya da sauran rana.

Su ma masu sana'ar akwai nasu, kuma zan faɗa musu a gabanku. Wanda aka ce ya zo da hantsi ya iso da azahar shi ya jawo wa kansa. Tare hanyar asibiti ko ƙofar masallaci ba shi da uzuri. A kashe sauti idan an kira salla, a rage shi inda akwai marar lafiya. Yaran da ke dako a biya su haƙƙinsu a ranar, kada a ce sai an dawo. Wanda ya karya waɗannan, a karɓe katinsa, ba mai cewa an zalunce shi.

Roƙona shi ne kowannenku ya kira zama ɗaya a sakatariyarsa: wakilin masarauta, sarakunan makaɗa, masu hayar kayan sauti, shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW, jami'an ZAROTA, Hisba da 'yan sanda. Masu sana'ar sun san kowane lungu da kowane fili da ke ba su wahala, za su lissafo muku su a zama guda. Bukukuwa sun fi yawa bayan kaka, da kuma watan da ke gaban azumi, lokacin da kowa ke gaggawar kai amarya. Don Allah a yi wannan zama, a fitar da tsari, a sanar da masu unguwanni kafin lokacin ya zagayo.

Allah ya ja zamaninku, ya ba mu lafiya da zama lafiya.

Wassalam,
Ɗaya daga cikin talakawanku.