Farfaɗiya: me binciken Farfesa Owolabi na Kano zai amfana wa mutanen Kawar?

Ranar Litinin ta biyu a watan Fabrairu ita ce ranar tunawa da masu ciwon farfaɗiya a duniya. Mu a nan Bilma ba mu cika maganar wannan ciwo a fili ba, alhali da wuya a samu wanda bai san wani mai faɗuwa ba. Shi ya sa muka duba aikin wani masani na maƙwabciyarmu Najeriya, don mu ga me ke cikinsa da ya shafe mu.

Farfesa Lukman Owolabi likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma malami a Jami'ar Bayero. Shi da abokan aikinsa sun tattara binciken da aka yi gida-gida a wurare daban-daban, suka fitar da lissafi guda. A 2019 sun nuna cewa kusan mutum 8 cikin 1,000 a Najeriya na da farfaɗiya, kuma ta fi yawa a karkara. A 2020 suka faɗaɗa aikin zuwa ƙasashen kudu da Sahara, inda suka samu mutum 9 cikin 1,000. Wani binciken nasu na wannan shekarar ya nuna cewa kusan kashi 68 cikin 100 na masu ciwon ba sa samun maganin da ya dace.

A jami'a, ana auna darajar mai bincike da yawan rubuce-rubucensa da yawan masanan da suka kafa hujja da su. Mu kuwa ma'auninmu daban ne: shin aikin ya sa magani ya iso hannun mara lafiya? To, alƙaluman nan suna da amfani ta nan, domin hukuma ba ta ware kuɗi wa ciwon da ba ta san yawan masu shi ba. Idan muka bi lissafin 9 cikin 1,000, garin da ke da mutum 5,000 zai iya samun masu farfaɗiya 45. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce kusan 7 cikin 10 za su daina faɗuwa in suna shan magani yadda ya kamata.

A nan Nijar ma akwai masu wannan aiki. Dokta Hamid Assadeck da Dokta Moussa Toudou-Daouda sun yi bincike kan masu farfaɗiya a Yamai, da kuma yadda malaman makaranta da ma'aikatan jinya suka ɗauki ciwon. Dokta Toudou-Daouda ya yi irinsa a Tawa. An gano malamai da dama na zaton ana ɗaukar ciwon daga mai shi. Wannan zato mun san shi sarai a nan: yaro ya faɗi, kowa ya ja baya don gudun yawunsa. Gaskiya ita ce farfaɗiya ba ta yaɗuwa. Ciwon ƙwaƙwalwa ne, kuma sanƙarau, zazzaɓin sauro mai tsanani, wahalar haihuwa da buguwa a kai duk suna iya jawo shi.

Sai dai fa Kano, Yamai da Tawa birane ne. Tsakaninmu da Agadas akwai sama da kilomita 500 na Tenere. Mai farfaɗiya a Fashi ko Dirku ba zai riƙa ƙetare wannan rairayi don ganin ƙwararren likita ba. Ga shi maganin kullum ake shansa, yankewarsa kwatsam na iya tayar da faɗuwa mai haɗari, ga rijiya, ga murhu, ga ramukan gishiri na Kalala.

Mafita ɗaya ta fito daga Kanon. A wani shiri da aka yi a Kano, Zariya da Kaduna tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, an horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane farfaɗiyar yara, su kuma ba da magani. Irin wannan shi ya dace da mu. A watan Mayun 2022 ma, babban taron lafiya na duniya ya amince da shirin yaƙi da farfaɗiya har zuwa 2031.

Don haka kiranmu ga hukumomin lafiya na jihar Agadas abu uku ne: a ƙirga masu ciwon a gundumar Bilma, a horar da majo-majo na cibiyoyinmu, a kuma tabbatar fenobarbital da sauran magunguna ba sa yankewa. Mu kuma, in mutum ya faɗi, mu janye shi daga wuta ko ruwa, mu kwantar da shi a gefensa, kada a sa masa komai a baki. In ya wuce minti 5 yana jijjiga, a garzaya da shi asibiti. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.