AIKIN ƘARSHE NA ƊALIBI: A KABAD ZAI KWANA KO A CIKIN GARI?

Akwai wani reshe na ilmin asibiti wanda jama'armu ba su san shi sosai ba, watau jinya ta hanyar aiki. Ba shi ne gashin ƙashi ba, ko da ya ke 'yan'uwan juna ne. Mai gashin ƙashi ƙoƙarinsa hannu ya motsa. Shi kuwa wannan so ya ke hannun ya koma ɗaukar buta da riƙe allura, mutum ya daina jiran a yi masa kome.

A Amurka aka kafa ƙungiyar masu wannan sana'a a 1917, ta duniya duka kuwa a 1952, ita ce ta sa sharaɗin ɗalibi ya yi awa 1,000 yana koyon aiki tare da majinyata. Wasu jami'o'in Amurka har digirin dakta su ke bayarwa. Bayan ɗalibi ya yi mako 24 yana aiki ƙarƙashin gwani, sai a ƙara masa mako 14 na aikin ƙarshe. Zai zaɓi wata matsala guda a asibiti ko makaranta ko unguwa, ya zauna a wurin tare da mai duba shi, ya shirya maganinta, ya gwada, sa'an nan ya bayyana abin da ya samu.

A Nijeriya an kafa hukumar da ke yi wa masu sana'ar rajista a 1988. Ana koyar da ita a Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife, da wata makarantar Gwamnatin Tarayya a Oshodi ta Ikko. Masu ita kaɗan ne ƙwarai, a Arewa kuwa sun fi ƙaranci. Saboda haka a ganina laƙabin dakta ba shi ne abin gaggawa ba. Wanda ba shi da jaki ba ya cinikin sirdi. Abin da ya kamata mu ara shi ne dabarar aikin ƙarshen nan, gama malamai sun sani sarai inda yawancin rubuce-rubucen ɗalibanmu su ke ƙarewa: a yi musu bango mai kyau, a ba da maki, gara ta gaje su.

To, a dubi birnin Zazzau. Littattafan da a ke koyarwa da su an rubuta su ne domin gidan da ke da kujerar ba-haya da cokali mai yatsu. Dattijon da shanyewar ɓarin jiki ta kama a Ƙofar Doka kuwa, idan aka sallame shi daga asibitin koyarwa na Shika, gida zai koma mai zaure da dokin ƙofa, da masai na tsugunne, da tabarma. In hannun dama ne ya mutu, da wanne zai ci tuwo a gaban baƙi? Yaya zai yi alwala da hannu guda, ya kuma tashi daga sujada? In maɗinkin babbar riga ne, sana'ar da aka san birnin da ita, abincin iyalinsa duka a yatsun nan ya ke. Kowace ɗaya daga cikin tambayoyin nan ta isa ta ci mako 14 na ɗalibi, amsarta kuwa sau da yawa tana hannun kafinta da maƙeri da baduku na unguwa.

Ga kuma waɗanda kuturta ta ci wa yatsu, masu zuwa Saye, da waɗanda shan inna ta gurgunta kafin a tabbatar ƙasar ta rabu da ita a 2020. Dokar haƙƙin naƙasassu ta 2019 ba za ta koya wa kowa sa riga ba.

Amma fa aikin ba ya yiwuwa sai da izinin mai gida da sanin mai unguwa. Ɗaki na mata kuwa namiji ba ya shiga, don haka lalle Jami'ar Ahmadu Bello, ran da ta ɗauki wannan fanni, ta nemi 'yan mata daga cikin ganuwa tun a ajin farko. Malaman makarantun 'yan mata su ne za su fara gaya musu akwai shi.