Likitan dabbobi ma yana buƙatar rigakafi

Matashin da ya gamo makarantar likitocin dabbobi ta EISMV a Dakar ba kasafai yake tarar da kujera tana jiransa a Yamai ba. Gurbin gwamnati kaɗan ne. Wasu sai su buɗe nasu a karkara, a tsarin SVPP da aka soma a Dakoro: babur, akwatin ƙanƙara, da tafiyar yini zuwa rijiyar makiyaya.

Can kuwa, shi ke zura hannu cikin saniyar da ta yi ɓari. A 2016 zazzaɓin Rift ya kashe mutane a Cintabaradan, jahar Tawa, kuma ta jini da ɓarin dabbobi yake kama mutum. Ga haukan kare, ga saifa. Amma idan an ƙaddamar da rigakafin shekara, kawunan shanu ake ƙirgawa, ba a tambayar lafiyar mai sirinji.

Ya kamata ma'aikatar kiwo ta wajabta yi wa ɗalibi allurar haukan kare kafin ya fita koyon aiki, ta wadata su da safar hannu, ta kuma biya kuɗin aikin rigakafi kan lokaci, tunda man babur daga aljihunsu yake fita.