Sharhi: Ƙarfe takwas a takarda, ƙarfe nawa a ofis?

A ƙa'ida, ma'aikacin Gwamnatin Tarayya yana kama aiki da ƙarfe 8:00 na safe, ya tashi da ƙarfe 4:00 na yamma, daga Litinin zuwa Juma'a. Babu mai jayayya da wannan. Inda ake kai ruwa rana shi ne yadda za a tabbatar ma'aikaci ya zo a kan kari, da kuma hukuncin da ya dace da wanda ya makara.

Matsalar ta daɗe. A zamanin shirin Yaƙi da Rashin Ɗa'a, wanda gwamnatin mulkin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta ƙaddamar a shekarar 1984, an riƙa sa ma'aikatan da suka makara tsallen kwaɗo a bainar jama'a. Kusan shekaru 40 bayan haka, a watan Satumban 2023, Ministan Ayyuka David Umahi ya sa an rufe ƙofar ma'aikatarsa da ke Mabushi a Abuja, aka bar waɗanda suka makara a waje. Ma'aikatan suka yi bore, suka toshe ƙofofin shiga da fita, har sai da ministan ya fito ya yi musu magana kafin ƙura ta lafa. Gwamnoni da dama ma sun sha kai ziyarar ba-zata sakatariya da sassafe. Irin wannan mataki yakan gyara al'amura na mako ɗaya ko biyu, sannan a koma gidan jiya.

Tsohuwar hanyar sa ido ita ce littafin sa hannu. Ma'aikaci ya rubuta sunansa da lokacin da ya iso, idan wa'adi ya cika wani jami'i ya ja layi da jan biro, duk wanda sunansa ya faɗo ƙasan layin ya makara, idan abin ya yawaita a ba shi takardar tuhuma. Raunin wannan hanya sananne ne: aboki yakan sa wa aboki hannu, wanda ya iso 9:30 ya rubuta 7:55, kuma ƙaramin jami'in da ke riƙe da littafin ba zai iya ja wa darakta layi ba. Wannan ne ya sa hukumomi da bankuna da kamfanoni suka koma ga na'urar da ke karanta zanen yatsa ko fuska, wasu kuma suna amfani da manhajar waya da ke nuna inda ma'aikaci yake a lokacin da ya yi rajista.

Na'ura ta yi amfani, musamman ta fuskar albashi. Tsarin biyan albashi na bai-ɗaya na IPPIS, wanda aka fara a 2007, ya dogara ne ga tantance kowane ma'aikaci da kansa. A watan Fabrairun 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta sanar da cire sunayen ma'aikatan bogi sama da 23,000 daga jerin masu karɓar albashi. To amma gano wanda babu shi kwata-kwata daban, auna aikin wanda yake nan daban. Na'urar bakin ƙofa shaida ɗaya take bayarwa, cewa yatsan wane ya taɓa ta da ƙarfe kaza. Wanda ya dangwala yatsa da 7:50 ya wuce kasuwa, ya dawo 4:00 ya sake dangwalawa, a wurinta ma'aikaci ne abin koyi. Ga kuma ɗaukewar wutar lantarki da lalacewar na'urorin, waɗanda kan mayar da ofis ga littafin da aka guje wa.

Akwai ɓangaren da masu rufe ƙofa ba su cika dubawa ba, wato tazarar da ke tsakanin gidan ma'aikaci da ofishinsa. Tsadar haya a tsakiyar Abuja ta tura akasarin ƙananan ma'aikata zuwa Nyanya, Kubwa da Gwagwalada, wasu ma har Mararaba da Masaka a jihar Nasarawa ko Suleja a jihar Neja. Duk wanda ya san cunkoson hanyar Keffi zuwa Abuja da safe ya san cewa mai son isa Sakatariyar Tarayya kafin takwas sai ya bar gida tun da asuba. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 bai zama doka ba sai a watan Yulin 2024. Wannan ba ya wanke malalaci, domin akwai masu zama kusa da ofis da motar kansu da ba sa bayyana sai hantsi ya dubi ludayi. Sai dai hukunci iri ɗaya ga su biyun zalunci ne ga ɗaya daga cikinsu.

Wasu jihohi sun amsa wannan gaskiya a aikace. Tun 1 ga Disamban 2021 jihar Kaduna ta koma zuwa ofis kwana huɗu a mako, tare da ƙara lokacin tashi zuwa ƙarfe 5:00. A watan Yunin 2023 Kwara da Edo suka sanar da rage ranakun zuwa ofis zuwa uku, Legas ma ta ɗauki makamancin matakin a Fabrairun 2024. Da zarar an yarda ma'aikaci ya yi aiki daga gida, to dole a auna shi da abin da ya kammala, wanda shi ne manufar sabon tsarin auna ƙwazo da Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya ya kawo domin maye gurbin tsohon fom ɗin APER na shekara-shekara.

A kamfanoni masu zaman kansu lamarin ya fi sarƙaƙiya. Dokar Ƙwadago ba ta yanke lokacin fara aiki ba. Sashe na 13 ya bar tsawon lokacin aiki ga yarjejeniya tsakanin ma'aikaci da mai aiki, ko sulhu da ƙungiyar ƙwadago, ko hukumar tsara albashin masana'antu, ya kuma tanadi hutun aƙalla awa ɗaya ga wanda ke aikin awa shida ko fiye a rana. Don haka wani wurin yakan rubuta ƙarfe takwas a takardar ɗaukar aiki, amma ya kira taron safe da 7:30, ya kuma zaftare albashin wanda bai halarta ba. Abin lura, na'urar da ke ƙirga mintunan makara da safe ba a cika tambayarta awannin da aka ƙara da dare ba. A Turai kuwa, Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a watan Mayun 2019 cewa wajibi ne a tilasta wa masu ɗaukar aiki su riƙa rubuta awannin aikin kowace rana, domin ma'aikaci ya samu hujjar neman haƙƙinsa.

Saura batun su kansu bayanan. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sanya zanen yatsa da siffar fuska cikin bayanan da ke buƙatar kulawa ta musamman. Ke nan duk ma'aikatar da ta kafa na'ura a bakin ƙofa tana da nauyin bayyana wa ma'aikatanta inda ake adana bayanan, da wanda ke da ikon ganinsu, da abin da za a yi da su ranar da mutum ya yi ritaya ko ya bar aiki.