Bikin mikiya a Alaska da darasin da ke cikinsa ga masu tsara doka

A kowane watan Nuwamba, lokacin da dusar ƙanƙara ta fara lulluɓe jihar Alaska ta Amurka, mutanen ƙaramin garin Haines sukan shirya biki domin tsuntsu guda: mikiya mai farin kai, wadda hotonta ke kan hatimin gwamnatin Amurka tun 1782. Mazauna garin ba su kai dubu uku ba, amma a shekara mai albarka mikiyoyin da ke taruwa a bakin kogin Chilkat, arewa da garin, sukan haura wannan adadi. Mai karatu zai iya ɗauka cewa wannan shagalin masu ƙoshi ne. Ni kuwa ina ganin biki irin wannan yana daga cikin abubuwan da ke sa dokar kare muhalli ta ɗore bayan an gama sa mata hannu a babban birni.

Dalilin taruwar tsuntsayen sananne ne. Ruwa mai ɗan ɗumi yana tsattsafowa daga ƙarƙashin tsakuwar kogin, ya hana wani yanki daskarewa bayan sauran koguna sun zama ƙanƙara. A nan kifin salmon na ƙarshen shekara yake zuwa ya zuba ƙwai, ya mutu, mikiyoyi kuma su samu abinci a lokacin da babu shi a ko'ina. A 1982 jihar Alaska ta keɓe eka 48,000 na wannan kwari domin kare su. A cikin kwarin akwai ƙauyen Klukwan na ƙabilar Tlingit, waɗanda kogin da kifinsa suka ciyar tun kaka da kakanni.

Tarihi ya nuna cewa ba kullum ake yi wa mikiya wannan karamci ba. Daga 1917 zuwa 1953 hukumomin Alaska suna biyan lada ga duk wanda ya kashe ta, bisa zargin tana cinye kifin masunta, kuma an hallaka fiye da 100,000 a wannan tsakani. A sauran jihohin ƙasar, maganin ƙwari na DDT ne ya yi ɓarna: yana bi ta cikin ruwa ya shiga jikin kifi, daga kifi ya shiga jikin mikiya, sai ɓawon ƙwanta ya yi laushi har ya fashe a ƙarƙashinta kafin ƙyanƙyasa. A 1963 ma'auratan mikiya 417 kacal aka ƙirga suna sheƙa a jihohi 48 na babban yankin Amurka.

Gwamnatin tarayya ta taka rawarta. Akwai dokar kare mikiya ta 1940, sai haramta DDT a 1972, sai dokar kare halittun da ke gab da ƙarewa ta 1973. A 2007 aka cire mikiya daga jerin masu fuskantar ƙarewa, kuma rahoton hukumar kula da kifi da namun daji na 2021 ya ƙiyasta adadinsu a waɗancan jihohi da 316,700. A watan Disamba na 2024 Shugaba Joe Biden ya sa hannu kan dokar da ta ayyana ta a hukumance a matsayin tsuntsun ƙasa.

Sai dai doka ba ta da ido a bakin kogi. Babu hukumar da za ta iya ɗaukar jami'an da za su tsare kowace sheƙa. Abin da ya sauya a Haines shi ne lissafin mutanen gari: tsuntsun da a da ake samun kuɗi da gawarsa, yanzu rayuwarsa ce ke kawo masu ɗaukar hoto da masu kallon tsuntsaye a lokacin da jiragen ruwan masu yawon buɗe ido suka daina zuwa, masauki da gidajen abinci suka yi shiru. A ranakun bikin ana kai baƙi bakin kogi da madubin hangen nesa, masana suna gabatar da laccoci, kuma an saba sakin mikiyoyin da aka yi wa jinya su koma daji a gaban jama'a. Yaron da ya ga wannan da idonsa ba ya buƙatar a karanta masa sashen doka kafin ya san cewa harbin mikiya abin kunya ne.

Haka abin yake a wasu garuruwan da ke bakin kogin Mississippi, kamar Keokuk a jihar Iowa, inda mikiyoyi ke taruwa a ƙasan madatsun ruwa cikin hunturu saboda ruwan wurin ba ya daskarewa, ana kuma yi musu biki a watan Janairu. Masu sha'awar kallon tsuntsaye a irin waɗannan garuruwa su ne sukan fita ƙidayar tsuntsaye ta lokacin Kirsimeti, wadda aka fara a 1900, ba tare da an biya su ko sisi ba. Alƙaluman da suka tara shekara da shekaru masana kimiyya suna amfani da su a yau.

Masu suka suna da hujjarsu. Mikiya tana tattalin ƙarfinta a lokacin sanyi, kuma duk sanda cunkoson 'yan kallo ya tashe ta daga reshe ko daga kan kifinta, ta yi asarar abin da ba lallai ta mayar ba. Wannan gaskiya ne, shi ya sa ake umartar baƙi su tsaya a wuraren da aka tanada kusa da titi, kada su sauka cikin kwarin da tsuntsayen ke kiwo. Wasu kuma suna cewa biki yana sa mutane su ɗauka an gama aiki, alhali ba a gama ba. Wani bincike da mujallar Science ta wallafa a 2022, kan mikiyoyi 1,210 daga jihohi 38, ya gano kusan rabinsu suna ɗauke da gubar dalma da ta daɗe a jikinsu, wadda ake dangantawa da harsasan mafarauta da ke saura cikin mushen dabbobi. A Haines ɗin kanta ana ta muhawara kan aikin haƙar ma'adinai na Palmer da ke can saman kwarin, tsakanin masu neman ayyukan yi da masu tsoron gurɓatar ruwan da kifi ke haihuwa a ciki.

Amma ai wannan muhawara ita ce ribar bikin. Garin da yake taruwa kowace shekara domin mikiya ya san cewa idan kifi ya tafi ita ma za ta tafi, don haka ba za a yanke hukunci kan kogin a bayan idonsa ba.

Mu da ke rubuta takardun manufofi, ko muke ɗaukar su daga ofis zuwa ofis, ya kamata mu riƙa yi wa kowace sabuwar doka tambaya guda kafin ta bar teburinmu: su wane ne mutanen da ke zaune a inda za a aiwatar da ita, kuma mene ne rabonsu idan ta yi nasara? Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Majalisar dokokin Amurka ta kama nata gefen, mutanen Haines kuma suna fitowa cikin sanyin Nuwamba kowace shekara su kama ɗayan.